Manhajar Rubutu Bayan Rasuwar Yaya

Bayan sadakar bakwai ta Yaya, wanda 'yan bindiga suka harbe a gonarsa ta bayan Kurya Madaro, na dawo Kaura tare da Inna. Ɗaki ɗaya gare ni a gidan haya. Na bar mata katifa, ni na koma tabarma.

A lokacin ina koyon haɗa manhajar kwamfuta, ina kuma ɗan taɓa rubutun labarai da Hausa. Malaminmu ya ba mu aiki, ya ce kowa ya fara zaɓar manhajar da zai riƙa rubutu a ciki. Abu ne da ake gamawa kafin shayi ya huce. Ni makonni na kwashe a kansa.

Guda biyu na saka a laftof. Ta farko mai launuka ce, tana ƙarasa maka kalma tun ba ka gama bugawa ba, amma tana cinye batir kafin la'asar. In na rubuta Hausa kuwa, sai ta ja wa kowace kalma jan layi. Ta biyu baƙin allo ce kawai, komai sai ka haddace umarninsa. Ranar farko ko fita daga cikinta ban iya ba, kashe laftof ɗin na yi.

Kullum in buɗe wannan, in rufe, in buɗe waccan, in canja girman haruffa. Ban rubuta komai ba. Masu zuwa ta'aziyya haka suke samuna. In amsa addu'arsu, in mayar da idona kan laftof.

Wata rana Inna tana tsintar wake ta ce, "Mi kaka nema cikin abin ga?"

"Wurin rubutu nika zaɓe, Inna."

"Ka samu?"

"Ban sani ba."

Ta ci gaba da tsintarta.

Ana gobe za a miƙa aikin aka ɗauke wuta. Na buɗe baƙin allon, na rubuta aikin, na gwada, ya yi. Ban ji daɗi ba, ban ji akasinsa ba.

Malam ya tambaye ni me ya sa na ɗauki mai wuyar.

Na ce, "Ba ta cin batir, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya yi wa Yaya addu'a, na ce amin.

Har yau da ita nake rubutu. Inna ba ta koma ƙauye ba. Gonar kuwa, wani maƙwabcinmu yana noma ɓangaren da ke kusa da hanya.