Keken Sa'adatu da Gambar Malam Idi

Har in bar aikin nan, ranar da muka kai na'urar Sa'adatu gona a Wurma ba za ta fita raina ba. Lokacin ina babban malami a sashen injiniyan lantarki a nan Dutsin-Ma, ita kuma tana shekarar ƙarshe, ni ke duba aikinta na kammalawa.

Ga waɗanda ba fanninmu ba, aikinmu shi ne koya wa na'ura ta tafiyar da kanta. Wahalar ita ce yawancin na'urorin suna da taurin kai: ka ninka abin da ka ba su, ba lallai su ninka abin da suke yi ba. Shi ya sa muke aron jometiri, wato lissafin siffa da hanya, mu tambaya: da 'yan motsin da na'ura take da su, ina da ina za ta iya kaiwa? Ɗalibai sun tsani darasin nan, ni kuwa a kansa na yi furfura.

Sa'adatu ta ƙera ɗan keken zuba taki mai bin kwarin kunya shi kaɗai. A filin ƙwallo ta yi ta gwada shi, in ya kai ƙarshen layi sai ya yi kwana mai faɗi ya shiga na gaba. Ƙa'ida ita ce farfesa ne daga wata jami'a zai zo ya jarraba, in bai gamsu ba ɗalibi ya maimaita shekara. Da an fara kuma, malamin ɗalibi ba shi da bakin magana. Farfesan da ya zo ya ce shi a gona yake son gani, sai muka ɗunguma gonar kawunta.

Damina ce, gero ya kai gwiwa. Muna isa gabana ya faɗi. Manomanmu ba sa barin fili a bakin gona, har iyaka suke shuka. Iyakar nan kuwa layin gamba ce, tsakaninta da ƙarshen kunya bai fi shimfiɗar tabarma ba. Ga maƙwabcin gonar, Malam Idi, tsaye da hauya a kafaɗa.

"Ɗiyata," ya ce, "gambar ga kakana da kakan kawunki suka dasa ta. Wanga abu naki kada ya taka mani ita."

Keke ya bi layin farko tsaf, ya zo ƙarshe ya tsaya cik. Wurin kwana babu. Gaba gamba, gefe gero. Farfesa ya buɗe biro. Wallahi amsar tana bakina, dole na haɗiye ta. Na juya ina kallon wata kuka kamar ban taɓa ganin kuka ba.

Can sai na ji muryarta: "Ranka ya daɗe, a ba ni ɗan lokaci." Farfesa ya gyaɗa kai. Ta tsuguna ta ɗora kwamfuta a cinya ta sauya umarnin. Sai keke ya ɗan yi gaba yana karkata dama, ya dawo baya, ya sake gaba yana karkata hagu, ya dawo baya. Mutanen da suka taru suka fara dariya, wani ya ce abin rawa yake. Amma kowane zuwa da dawowa yana ɗan gusawa gefe, har ya daidaita da kwari na biyu ya shige da baya. Ko ganyen gamba bai taɓa ba.

Farfesa ya ce, "Keken nan ba shi da motsin gefe. Ina kika samo shi?"

"In ya je ya dawo yana karkata, ba ya sauka daidai inda ya tashi," in ji ta. "Wannan ɗan bambancin nake tarawa."

Ainihin darasin da ta taɓa ce mini ba ta ga amfaninsa ba ke nan. Farfesa ya rufe biro ya ce ta ci. Ni kuwa hawaye suka cika mini ido.

Ku da kuke shigowa aikin nan, ku daure da koyar da abin da ɗalibai ke ƙi, ba ku san gonar da zai fito ba. Kuma tun daga ranar, ba na karɓar na'urar da aka gwada a filin ƙwallo kaɗai. A ranar dai, muna ɗora keken a mota Malam Idi ya matso ya shafa tayarsa.

"Ɗiyata," ya ce, "tawa gonar ta hi wagga matsi. Yaushe za ki kawo shi?"