Gumbar Guzurin Babana

Har yau in na ji ƙamshin gumba, wadda aka daka da sabon gero da citta, sai babana ya faɗo mini a rai yana ɗaure kaya.

Shi ba mutumin Wurno ba ne. Can kudu aka haife shi, inda Kwara ta haɗu da Binuwai, kuma ya yi aiki a jirgin ruwan Nasara har ya ji harshensu. Ya biyo fatake zuwa garinmu da niyyar damina ɗaya, sai ciwo ya kayar da shi a gidan wani attajiri. Attajirin ya yi jinyarsa kamar ɗansa. Da ya warke kuma maigida ya lura cewa duk garin babu mai fassara masa maganar Nasara 'yan ciniki sai wannan baƙo.

Ku yaran yanzu ba ku san nauyin sallama ba. A lokacin, baƙon da ya ci gishirin gida ba ya ɗaga ƙafa sai maigida ya sallame shi da bakinsa, ya yi masa addu'a, ya raka shi ƙofar gari. Wanda ya tafi ba haka ba, sunansa butulu har jikokinsa.

Babana ya bar tsohuwarsa da rai, ya ce mata zai dawo. Saboda haka kowace kaka, da an shigar da gero rumbu, sai inna ta daka masa gumbar guzuri, ya je zaure ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, ina biɗar sallama, in tahi in gano tsohuwa."

"Mi kaka gaggawa?" in ji maigida. "Bari ruwan Rima shi janye tukuna."

In ruwa ya janye, sai a aiko masa da riga. Wata shekara gonar fadama, wata shekara jaki. Inna ma a nan gidan aka ba shi aurenta. Wa zai karɓi kyauta da hannun dama ya nemi hanya da na hagu? Sai ya dawo ya kwance kaya, mu kuwa mu faɗa wa gumba. Mu dai kakarmu ta yanke saƙa, kowace shekara.

Wata rana da la'asar na same shi a gindin rumbu, kayan na gefensa ba a kwance ba. Na ce, "Baba, ina za ka, ba ga gida ba?"

Ya ce, "Ɗiyata, Hausa kalma guda gare ta, gida. Nasara biyu gare su. Haus, shi ne ginin da kake kwana ciki, ko na wa ne. Hom, shi ne inda in ka shiga ba ka biɗar izinin hita. Ni nan haus gare ni, babba kuwa."

Na yi dariya don kalmomin sun yi mini kama da tari. Shi bai yi ba.

Shekarar da na fara tallar fura, maigida ya kwanta da safe, kafin azahar ya cika. Bayan sadakar arba'in 'ya'yansa suka ce wa babana hanya a buɗe take. Inna ta ɗauko turmi. Ya ce ta ajiye.

"Wanda na ci gishirinai shi ka sallamata. Ya tahi bai sallame ni ba."

Na yi fushi da shi ƙwarai, har yau ban gama hucewa ba. Ƙofar gari a buɗe, babu mai riƙe da shi, amma kullum iyakarsa bakin gulbi, ya dubi kudu ya dawo. Ko labarin rasuwar tsohuwarsa bai taɓa iso mu ba. A Wurno muka binne shi.

Yanzu Nasara sun ci ƙasa, mota na zuwa Rabah, baƙo ya ci tuwonka ya tafi ko sai anjima babu. Kwanan baya jikana ya dawo daga makarantar boko yana rera kalmomin nan biyu, wai duk gida suke nufi. Na ce ya zauna. Ban taɓa riƙe allon boko ba, amma wannan darasin na ci gumbarsa shekara da shekaru.