Ranar da na sa Baba tuɓe riga

Ban daɗe da gama karatun jinya ba aka tura ni wani ƙaramin asibiti a wajen Tamawa. Kullum da safe nakan hau mota daga Dutsin-Ma, ina tafe ina bitar abin da aka koya mana a kan sirrin majinyaci. Abokiyar aikina, wata Hajiya da ta haife ni a shekaru, ta raɗa mini suna Malam Wataƙila, wai ko gaishe ni aka yi sai na yi nazari kafin in amsa. Ina ganin ta ƙara gishiri, ko da yake ba da yawa ba.

Akwai wani dattijo da mijin 'yarsa ke kawowa a babur. Saboda ladabi, mijin 'yar ba ya barinsa shi kaɗai. Sai ya biyo shi har ɗakin duba marasa lafiya, ya tsugunna a bakin ƙofa, kuma shi ke amsa tambaya.

"Zazzaɓi ne, Likita."

Haka suke kiranmu duka, na gaji da gyarawa. Muka yi gwajin jini, babu zazzaɓin sauro. Suka tafi, suka dawo, suka sake dawowa. Na lura dattijon ba ya zama daidai a benci, yana yawan zagayawa bayan gini, ya daɗe, ya dawo yana gumi. Na yi zargin fitsari ne ke ƙi masa fita, ko da yake ban tabbatar ba. Idan hakan ne, jinkiri na iya taɓa masa ƙoda. Amma wane dattijo ne zai faɗi wannan a gaban surukinsa?

Na ja Hajiya gefe, na gaya mata damuwata.

"Ka aiki surukin sayen rake," in ji ta.

"Hajiya, ai ba na shan rake. Ƙarya ke nan."

"Ni ina sha."

"To idan ya gane fa?"

"Kai dai, da ana ba da digirin fargaba, da kai ka zo na ɗaya."

Na koma na gwada gaskiya tsagwaronta. "Malam, ko za ka ɗan ba mu wuri?"

"Haba Likita! In bar Baba shi kaɗai? Me zan gaya wa mai ɗakina?"

Dattijon ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Na tsaya ina juya abin sauraren ƙirji a hannu, ni ma gumin nake yi. Can na ce, "Baba, zan so in saurari ƙirjinka. Sai dai ka tuɓe riga."

Baba bai gama kai hannu wuyan riga ba, surukin ya yi waje kamar an watsa masa ruwan zafi, har ya bar takalmi ƙafa ɗaya. Ta taga na hango shi can gindin bishiyar bedi, ya juya wa asibitin baya gaba ɗaya.

Ƙirjin kuwa na saurare shi tsakani da Allah, gaba da baya, don kada maganata ta zama dabara kawai. Baba ya haƙura har na gama.

"Ɗana, ƙirjin nan lafiyarsa lau. Matsalar tana ƙasa."

A hankali ya faɗa mini komai, yana kallon bango. Na danna mararsa, na ji ta cika tam. Na ce masa abin ya fi ƙarfin nan, sai babban asibiti a Dutsin-Ma, kuma yau, ba gobe ba. Wannan karon ban ce wataƙila ba.

"Wa zai kai ka, Baba?"

"Ba wancan ba. A kira mini ƙanena, yana Kurfi."

"To shi surukin naka me zan ce masa?"

"Ka ce na gode, Allah ya yi masa albarka. Kuma ka jefa masa takalminsa ta taga."

Kafin la'asar ƙanen ya iso da mota. Baba ya ce in zauna kusa da shi, tunda ni ma can na nufa, muka kama hanya.