Takalman Da Suka Tona Mini Asiri

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne. Na tsufa, na gaji da kare kaina.

Shekarun farko na mulkin kai ina ɗinki a Babbar Kasuwa ta Yamai. Bayan la'asar mukan taru gindin wani dogon yaro a unguwar Kalley, teloli da direbobi da ƴan tebur. Da yake na yi aji uku a lakwal a Maraɗi kafin mushe, wato malaminmu, ya gaji da ni, ni ne mai karanta wa majalisa jarida. Rabin faransancin nake ganewa, rabin in cike da nawa, kuma ba a taɓa kama ni ba.

Lokacin gwamnati ta buɗe hannu. Yau a haƙa lambatu, gobe a shafa wa ganuwar ofis farar ƙasa, wai don matasa su samu aiki, kuɗi su zagaya gari. Sai kuma aka gina ɗakin shan magani a unguwarmu, aka ce kyauta ne.

"Kyauta?" in ji ni, ina kaɗa jarida. "Wa ya mutu ya bar wa gwamnati gado? Lanhon da kuka biya ne, harajinku. An karɓi saniyarka, an sayi mota da ita, an dawo maka da ƙwayar ciwon kai biyu, kana ta godiya. Su bar mana kuɗinmu a aljihu, kowa ya san wanzamin unguwarsu."

Akwai wani Bazabarme a cikinmu, direban kamyo mai kai siminti wuraren aikin gwamnati. Ni kuwa Bagobiri, ka san wasan da ke tsakaninmu, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Kullum shi ke tsokana ta.

"Bawana, ranar da ciwo ya kama ka fa?"

"Ni? Bawana, in ka ga ƙafata a wurin nan, ka karɓi jaridar nan ka riƙa karantawa." Ga shi ko baƙi ɗaya bai sani ba. Majalisa ta yi dariya, aka shaida.

Ba a yi wata biyu ba idona na dama ya yi ja, ya kumbura, yana kwantsa. Na sa kwalli, na sa ruwan wani ganye da maƙwabciya ta jiƙa. Na hagu ma ya ɗauka. Ran nan na zauna gaban keke, na yi ta neman kafar allura har mai rigar ya ƙosa ya ɗauki yadinsa ya tafi. Tela ba ido, me ya rage? Bakuna bakwai ke jiran wannan allura a gida.

Uwar ƴaƴana ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "Malam, majalisarka ce za ta ciyar da mu?"

To, ga yadda ake layi a ɗakin shan maganin nan: mutum ba ya tsayuwa cikin rana. Takalminka za ka ajiye a jere daga bakin ƙofa, ka koma inuwa, in an buɗe kowa ya bi nasa. Na yi dabara irin ta masu ilimi. Daga sallar asuba na wuce, na naɗe fuska da rawani, na ajiye takalmana na farko a layi, na laɓe bayan katanga ba takalmi. Abin da ban tuna ba, takalman nan jar fata ce ta Damagaram da koren ado, waɗanda nake taƙama da su, duk Kalley ba mai irinsu. Na ɓoye fuska, na bar su bakin hanya suna gaishe da masu wucewa. Har ƙarar wata kamyo na ji ta rage gudu, ban kawo komai a raina ba.

Anfirme, malamin asibitin, ya wanke mini ido, ya matsa wani man shafawa, ya ce in zo kwana biyar. Na zo. Kullum ni ne na farko. Ran na shida na zura zare a allura bugu ɗaya.

Har yau ban ce duk maganata ƙarya ba ce. Motocin an saya, lanho ya hau, lambatun nan ruwan farko ya cike su. Shekara da shekaru ina jin muhawarar nan, bakuna ne kawai ke sakewa, har na gaji da jin ta. Amma ina ma da na san inda zan tsaya.

Na koma majalisa da ido garau, na buɗe jarida, na gyara murya. Na ce ɗakin shan maganin nan asara ce, da ni ke da iko da gobe an sa masa kwaɗo.

Bazabarmen ya bari na kai ƙarshe. Sannan ya sunkuya ya dubi ƙafata.

"Bawana, ku fara shiryawa a gida tukuna. Bakinka na cewa a rufe, takalmanka kwana biyar suna sammako a buɗe musu. Wa za mu saurara a cikinku?"