Yatsu Biyar na Mushe Pol

Har na bar aiki ban manta da ranar da muka zauna shari'ar yatsu biyar ba. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina ƙaramin malami a wata lakwal, wato makarantar boko, a Dakoro, kuma ni ne marubucin kwamitin horo. Mu uku ne a kwamitin: darakta, da wakilin iyayen yara, da ni mai riƙe alƙalami. Abin da muka rubuta shi ake aika wa ansifekta, mai duba makarantu, a Maradi, kuma da wuya ya canza ko kalma ɗaya.

Mai koya wa yaranmu ƙwallo Mushe Pol ne, mutumin Dahome, bai cika wata shida a garin ba. ("Mushe" shi ne "malam" da Faransanci a bakinmu.) Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba. Wata Lahadi muna wasa da baƙi, an ci mu ɗaya, sai alƙalin wasa, Malam Haruna na gidan waya, ya busa tashi. Mushe Pol ya dubi agogonsa, ya ruga cikin fili, ya ware yatsu biyar a fuskar Malam Haruna. Yaranmu goma sha ɗaya suka kewaye alƙalin, kowa ya ware nasa. A wurinmu wannan daƙƙuwa ce, zagin uwa ke nan, kuma a gaban gari duka.

Malam Haruna ya kawo ƙara a rubuce: malami ya zage shi, ya kuma sa yara sun taya shi. In muka sa hannu a haka, aikin Mushe Pol ya ƙare, sai dai ya nemi motar gida.

Da muka zauna, Mushe Pol ya ce da Faransanci shi saura minti biyar kawai ya nuna. Shaiɗanun yaran kuwa baki ɗaya suka ce, "Mu ma minti biyar munka nuna, mushe."

Malam Haruna ya fusata. "Ni za a maida yaro? Minti biyar ne har da yatsu sittin?"

Abin ya tsaya mini a rai. Ban ga tsoro a fuskar Mushe Pol ba, mamaki na gani, sai juya tafin hannunsa yake yana dubawa. Wai da gaske akwai ƙasar da ake yi wa mutum haka a kwana lafiya? Na roƙi darakta ya bar ni in gwada wani abu, na kuma raɗa wa wakilin iyaye abin da nake nufi. Alhaji Ɗan Jimo ne, dattijo mai fataucin hatsi. Ya ce, "Gwada, ɗana, ba ni mutuwa."

Na ce wa Mushe Pol ya nuna wa Alhaji yadda ya yi a fili. Ko ɗar bai ji ba, ya ware yatsu dab da gemun dattijon, har da murmushi. Darakta ya yi salati. Alhaji ya tuntsire da dariya, ya ce, "Wanga bawan Allah bai san abin da yay yi ba."

Sai na kira Isufu, shugaban 'yan wasan, jikan Alhajin. "To Isufu, nuna ma kakanka minti biyar."

Hannunsa ya taso har ƙirji, ya koma. Na bi sauran goma ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya iya. Isufu ya fashe da kuka, ya ce, "Mushe bai sani ba. Mu mun sani."

Muka hana yaran ƙwallo har ƙarshen shekara, muka ce su je gidan Malam Haruna su durƙusa su ba shi haƙuri. Mushe Pol kuwa gargaɗi ya samu, saboda shiga fili ba izini. Da na fassara masa ma'anar daƙƙuwa, sai ya dafe kai, ya ce tare za su tafi. Shi ya fara durƙusawa, ba wanda ya sa shi.

Tun daga ranar ban ƙara rubuta cewa wane ya yi kaza ba, sai na gano ko ya san abin da ya yi. Hannu goma sha biyu aka ɗaga a filin nan, iri ɗaya sak, kuma saura kaɗan mu kori mai hannun da bai zagi kowa ba.