Basillar Malam Siddiƙu

Malam Siddiƙu ya ceci rumbuna da basilla. Ni Mode na Magarya na faɗa, kuma ban saba yabon mutum ba.

Shekara talatin da biyar yana koyar da kimiyya a Wurno, watan jiya ya ajiye alli. Kullum in an tashi makaranta sai ya hau babur ya bi ƙauyuka, basilla a aljihu, yana sukar ƙafafun rumbu da azarar ɗakuna. Ba wanda ya aike shi.

Bara da kaka ya tsaya gindin rumbuna, gero dami tamanin a ciki. Ya soka basilla a itacen da ke ɗauke da shi, ta shige kamar a tuwo.

Na ce, "Gara ta. Na zuba magani."

Ya ce, "Baba, ina ƙasar da ta gina? Mi ka gani da idonka?"

Ban ga komai ba. Ya ɓaro itacen ya ɗora mini a tafi, ja, yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Ya ce fumfuna ce. Itace, in ji shi, ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, bangon kowanne zare ne da danƙo ya riƙe. Fumfuna ba ta da haƙori. Yawu take fitarwa, ya narkar da bangon ya koma sukari, ta sha. Wata irin fumfunar danƙon take ci, ta bar zare fari kamar auduga. Tawa kuwa, zaren ta cinye, ta bar mini danƙo. Kai! Shekara saba'in ina saran itace, ban san da sukari a cikinsa ba!

Ya ce laima ke raya ta. Kwana uku muna kwashe gero. Da muka ja itacen, a hannunmu ya karye. Muka sa busasshe bisa duwatsu, muka yi wa ruwa hanya. Geron nan shi ya kai gidana wata kakar.

Malam, kai ne mai kama ɓarawon da ba shi da sawu. Na gode, Allah ya saka maka. Ku malaman yanzu, ku fito aji ku leƙa gindin rumbu.

Ranar walimar ajiye aikinsa na ja shi gefe. Na ce, "In ka tashi jawabi, ka ce da hannun gara kaɗan. Na riga na faɗa gaban mutane cewa gara ta."

Ya ce, "A'a, Baba. Ba gara ba ta. Ba ni hwaɗin haka."