Kada da Kogin da Aka Wanke

Kawuna tela ne, amma kowa Kada yake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don a cewarsa babu wanda ya kai shi iya iyo. Yana taka keke yana ba masu jiran ɗinki labarin yadda yake ƙetare kogin bayan unguwarmu da numfashi ɗaya a zamanin samartakarsa.

Wa zai ƙaryata shi? Tun kafin a haife ni bututun masai na gari ke kwarara cikin kogin nan. Ko kare ba ya shiga. In an ce ya gwada mana, sai ya toshe hanci ya ce, "Ku gyara ruwan mana, ku sha kallo!"

Ai kuwa gwamnati ta ji shi. Aka gina matatar ruwan ƙazanta, aka hana kowa juye shara a bakin kogi. Kawu ya rame. Kullum sai ya rufe shago ya je wurin mai gadin matatar yana tambaya, "Injin nan dai ba ya lalacewa ne?" Har ma'aikatan da ke ɗibar ruwa a kwalba don gwaji ya tare, wai su sake dubawa, shi hancinsa bai yarda ba.

Ranar da aka kafa allo cewa an halatta wanka, unguwa ta tattaru kaf ta rako shi. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Ya tuɓe riga, ya miƙe hannu, ya lanƙwasa gwiwa, ya yi tari, ya tambayi ƙarfe nawa. Yara na ihu, "Kada! Kada!"

Ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya cak. Can ya juyo, ya dube mu.

"Jama'a, ni fa ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba."

Sai matarsa, Gwaggo, ta tattare zani ta shiga ruwan har gwiwa, ta miƙo masa hannu.

"Malam, wa ka ga ya iya a nan? Duk a bakin ƙazanta muka girma. Shigo kawai, ina riƙe da kai."

Ya shiga yana ƙanƙame da ita kamar mai tsallaka titi. Daga nan tsofaffin unguwa suka fara cire takalma.